Akwatin da ke cikin but: motocin ƙwalisa da mintunan farko bayan hatsari a Nima da Maamobi

Duk wanda ya taɓa yin Salla a Nima ya san yadda babban titin unguwar ke komawa bayan an sauko daga Idi. Mahaya dawakai na gefe, samari a kan babura suna ɗaga tayar gaba, sannan can sai ka ji wani ruri kamar na zaki, wata Mustang ko Camaro ko Dodge Challenger ta kunno kai, yara na bin ta da ihu. Haka abin yake ranar ɗaurin aure idan an yi jerin gwanon kai amarya daga Maamobi zuwa Newtown ko Fadama. Mai motar ya kashe kuɗi a kan taya, ya kashe a kan fenti, ya sa an huda bututun hayaƙi don ƙarar ta kai har Kanda. To ka ce masa, ɗan'uwa, buɗe but ka nuna min akwatin agajin gaggawa. A nan ake fara dariya.

Na yi wannan tambaya kwanakin baya a wani wurin wankin mota, muna zaune ana shan ataya. Matashin da ke da motar bai yi gardama ba, ya tashi ya buɗe. Akwatin na nan, ɗan ƙarami ja, an cusa shi ƙarƙashin kafet kusa da batir. Da aka ɓalle shi sai ga filasta ta manne da takardarta ta zama abu guda, safar hannu ta roba ta yage tun ba a gama zura yatsu ba, ga wata kwalbar ruwan wanke ciwo da ta bushe ƙaf, sai ƙwayoyin farasitamol da suka fara zama gari. Ya ce, "Ai Alhaji, na 'yan sanda ne." Gaskiya ya faɗa. Yawancin akwatunan da ke motocin Accra an saye su ne don shingen 'yan sanda, a nuna tare da tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, a wuce. Babu wanda ya saye su da tunanin cewa wata rana jini zai zuba.

Jinin kuwa yana zuba. Alƙaluman da Hukumar Kiyaye Haɗurran Hanya ta Ƙasa ta fitar sun nuna mutum 2,276 ne suka mutu a kan hanyoyin Ghana a 2023, adadin ya haura zuwa 2,494 a 2024. Wato kusan mutum bakwai kowace rana. Waɗanda suka jikkata kuwa sun ninka wannan sau da dama, kuma su ba a cika labarinsu ba: mai okada da aka yanke wa ƙafa, mai tallar koko da ta daina fita, ɗan makarantar da ya shekara a kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a faɗin duniya kimanin mutum miliyan 1.19 ne hatsarin mota ke kashewa a shekara, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi ƙarancin motoci.

Ba wai motocin tsere ne ke kashe mafi yawan waɗannan mutane ba. Ba su da yawan da za su yi haka. Babura, trotro, manyan motocin daƙon kaya da tsallaka titi a inda babu gada su ne kan gaba. Amma idan mota mai irin wannan ƙarfi ta yi kuskure, kuskuren ba ƙarami yake zama ba. Mutanen Accra ba su manta da ranar 12 ga Oktoban 2024 ba, lokacin da wani yaro ɗan shekara 16, ɗan wani sanannen malamin coci, ya ɗauki Jaguar ya afka wa wata mota a East Legon, wuta ta kama, 'yan mata biyu masu shekara 12 suka rasu. An yi ta muhawara a kan tarbiyya da dukiya da hukuncin da kotu ta yanke. Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne abin da ke hannun mutanen da suka fara isa wurin, da abin da suka iya yi da shi.

A nan ne maganar take, domin a ƙasar nan mutumin farko da ke isa kan wanda ya yi hatsari kusan kullum ba ma'aikacin lafiya ba ne. Direban tasi ne, ko yaron trotro, ko mai shago, ko samarin da ke zaune a majalisarsu ta bakin titi. Wani bincike da likita Charles Mock da abokan aikinsa suka wallafa a 1998 ya kwatanta birane uku: Kumasi, Monterrey ta Meziko da Seattle ta Amurka. A cikin manyan mutane da suka samu mummunan rauni, kashi 63 cikin ɗari ne suka mutu a Kumasi, kashi 55 a Monterrey, kashi 35 a Seattle. Da aka duba inda bambancin ya fi fitowa, sai aka ga tun kafin a kai asibiti ne. A Kumasi kashi 51 cikin ɗari na waɗanda suka ji mummunan rauni sun cika kafin su ga likita, a Seattle kashi 21. Ma'ana, da yawa daga cikin mamatanmu a bakin titi ko a kujerar bayan tasi suke mutuwa.

An samu ci gaba tun daga lokacin, ba za a musa ba. Kuma tarihin wannan ci gaba ya ratsa ta Nima da hawaye. Ranar 9 ga Mayun 2001, bayan wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Accra, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye cikin 'yan kallo, ƙofofi na rufe, mutum 126 suka mutu bisa alƙaluman hukuma. Da yawansu 'ya'yan Zongo ne, kuma bayan jana'iza fushin samarin Nima ya kai su har ofishin 'yan sandan unguwar. Wannan masifa ce ta tilasta wa gwamnati tunanin kafa Hukumar Motocin Ɗaukar Marasa Lafiya ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2004. Shekaru suka ja, motocin suka tsufa, har aka kai lokacin da rahotanni ke cewa waɗanda ke aiki a duk ƙasar ba su wuce 55 ba. A Janairun 2020 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ƙaddamar da sababbi 307 a ƙarƙashin shirin mota ɗaya ga kowace mazaɓa, aka kuma mayar da 112 lambar kiran gaggawa. Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, da Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, kowacce mazaɓa ce mai zaman kanta.

Sai dai mota ɗaya ga mazaɓa abu ne, isowarta kuma wani abu ne daban. Ku ɗauki titin Nima da ƙarfe biyar na yamma, ko ranar Laraba da kasuwa ke ci. 'Yan tebur sun cinye rabin hanya, trotro na lodi a tsakiya, aboboya cike da albasa ta tsaya a karkace. A taswira Babban Asibitin Maamobi na nan kusa, asibitin sojoji na 37 ba nisa, na Ridge ma haka. A zahiri kuwa tafiyar minti biyar na iya zama ta minti arba'in. Cikin lungu kuma ba a ma maganar mota. Sannan ga matsalar da 'yan Ghana suka raɗa wa suna "babu gado", wadda ta fito fili a Yunin 2018 lokacin da wani dattijo mai shekara 70, Anthony Opoku-Acheampong, ya rasu a cikin motarsa bayan asibitoci bakwai sun ce ba su da wurin kwantar da shi. Mutumin da babbar jijiyar cinyarsa ta tsinke ba shi da minti arba'in. Cikin 'yan mintuna jini zai iya ƙare masa. Wanda ya suma harshensa ya toshe maƙogwaro ma haka.

To idan haka ne, akwatin nan da ake raina wa hankali shi ne asibitin farko. Kuma a motar tsere ajiye shi yana da wahalar da babu a Corolla.

Abu na farko wuri ne. Waɗannan motoci ƙofa biyu gare su, kujerun baya idan akwai ma na ado ne, aljihun gaba ɗan ƙarami, but ɗin kuma bakinsa a matse. Saboda haka kowa but yake jefa akwatin. Matsalar ita ce but ɗin yawancinsu da lantarki yake buɗewa, ta maɓalli ko ta makulli. A Camaro da Challenger da Charger batirin kansa a baya yake zaune. Idan aka doki motar ta baya, ko wutar ta yanke, ko ƙarfen ya lanƙwashe, murfin ba zai ɗagu ba, akwatin na ciki, mai rauni na waje. A Porsche 911 da Cayman akwai wurin kaya a gaba, daidai inda mota ke fara cin karo. Wanda ya tsara waɗannan motoci yana tunanin jakar tafiya ce, bai yi tunanin mutumin da zai nemi bandeji da hannu ɗaya yana rawa ba.

Wasu kuma, da suka gane haka, sai su ajiye akwatin a kan kujerar baya ko a kan faifan da ke ƙarƙashin gilashin baya, babu ɗauri. Wannan ma haɗari ne na kansa. Duk abin da ba a ɗaure ba a cikin mota, idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, ci gaba yake da tafiya da gudun da motar take yi. Akwatin ƙarfe ko na roba mai tauri zai zama dutse a ƙeyar direba. Tukunyar kashe gobara ta fi muni, don ta fi nauyi. Na ga motocin da take yawo a ƙarƙashin ƙafar direba, ba abin da zai hana ta shiga ƙarƙashin birki.

A ganina mafita ita ce a raba kayan gida biyu. Jaka ƙarama mai laushi, marar ƙarfe, ɗauke da abin da ake buƙata a minti uku na farko, a ɗaure ta da maɗauri a bayan kujerar fasinja ko a ƙarƙashinta, inda direba zai kai hannu ko da bel na jikinsa, inda kuma baƙon da ya leƙo ta taga zai gan ta. A kula kada ta danne wayoyin da ke ƙarƙashin kujera, domin wasunsu na jakar iska ne, kada kuma a rataye ta a gefen kujera inda jakar iskar ke fashewa. Sauran kayan, masu girma, su zauna a but, cikin raga ko a ɗaure, a sama, ba a ƙarƙashin safaya da jak da kayan sauti ba. Ita kuma tukunyar kashe gobara a kafe ta da maƙalinta na ƙarfe a gaban kujerar fasinja. Duk wani mai walda a Kokompe zai iya yin wannan aiki cikin awa guda.

Abu na biyu zafi ne, kuma shi ne abin da ya kashe akwatin abokina. Motar da aka rufe aka bari a rana, cikinta na iya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, saman dashbod ya fi haka. A Nima da Maamobi gidaje kaɗan ne ke da gareji. Mota a bakin titi take kwana, a can take wuni, daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa rana ba ta da sauƙi. Motocin tsere sun fi shan wannan wahala, saboda gilashinsu a kwance yake, kujerun baƙar fata ne, inji babba ne, bututun hayaƙi na bi ta ƙarƙashin but. A waɗanda injinsu ke tsakiya, irin sabuwar Corvette, but ɗin baya maƙwabcin inji ne. Ku duba jikin kwalin kowane magani da kuka saya a kemis: yawancinsu an rubuta a ajiye a ƙasa da digiri 30. Zafi na narkar da gam ɗin filasta, yana sa roba ta ruɓe, yana busar da audugar da aka jiƙa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, yana rage wa ƙwayoyi ƙarfi. Ranar ƙarewar aiki da aka buga a jikin kaya an ƙiyasta ta ne a kan ajiyar ɗaki, ba ajiyar tanda ba.

Shi ya sa ni dai ba na goyon bayan a tara ƙwayoyin magani a akwatin mota. Wanda ke da asma ko ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganinsa a jikinsa, ya sauka da shi idan ya sauka. Insulin musamman ba ya jure zafi ko kaɗan. Wanda ya yi hatsari ma ba ƙwaya yake buƙata ba. Ba a ma so a ba shi komai ta baki, ko ruwa ne, domin mai yiwuwa tiyata za a shiga da shi.

Bayan zafi sai ruwa. Mu da muke zaune a gefen babbar kwatar Nima ba ma buƙatar a tuna mana ranar 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai na Circle suka kashe mutum fiye da 150. Motar tsere a ƙasa take, ruwan da trotro zai ratsa yana dariya ita sai ya shiga mata ta ƙofa, ya taru a ramin safaya, daidai inda mutane ke son ɓoye akwati. Bandejin da ya jiƙe ya bushe ya yi fumfuna ba ya da wani amfani, cutarwa ma zai yi. Kowane abu a sa shi cikin leda mai rufewa. A riƙa buɗe jakar ana dubawa, aƙalla kafin damina ta kankama a watan Mayu, da kuma lokacin hunturu. Wanda lissafin wata ke ruɗa shi ya ɗaure abin da Salla biyu, ƙarama da babba, tunda dama lokacin ne ake wanke mota ana gyara ta.

Me ya kamata ya kasance a ciki? A Jamus doka ta wajabta wa kowace mota akwatin agaji mai bin ma'aunin da suke kira DIN 13164, shi ya sa Mercedes da BMW da suka fito daga Turai sukan zo da nasu a maƙale a but. Abin lura shi ne babu ƙwayar magani ko ɗaya a cikinsa. Bandeji ne kala-kala, da goz mai tsabta, da ƙyalle mai kusurwa uku, da almakashi, da safar hannu, da bargon nan mai ƙyalli kamar takardar alawa. A 2022 suka ƙara takunkumin fuska guda biyu. Motocinmu na ƙwalisa kuwa yawancinsu daga Amurka da Kanada suke zuwa ta tashar Tema, wasu daga gwanjon motocin da suka riga suka yi hatsari, a gyara su a nan da kayan Abossey Okai. Irin waɗannan ba sa zuwa da komai, kuma idan sun zo da shi ya riga ya tsufa. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin da suka yi hatsari, amma aka dakatar da aiwatar da ita bayan dillalai sun yi ca. Wannan ma wani zance ne: mai irin wannan mota ya fara tabbatar da cewa akwai jakar iska ta gaskiya a sitiyarinsa, ba murfi kawai aka manna ba.

Ga yanayinmu, zan ce abin da ya fi komai shi ne kayan tsayar da jini. Goz mai yawa, fiye da yadda kake zato, da bandeji mai talewa wanda zai danne ciwo, da safar hannu aƙalla ƙafa uku ko huɗu, domin tsoron taɓa jinin wani na daga cikin abin da ke sa mutane tsayawa kallo. Almakashi mai ƙarfi wanda zai yanke wandon jins da bel ɗin kujera. Tocila, tunda fitilun titi ba abin dogaro ba ne. Sai maɗaurin tsayar da jini na hannu da ƙafa, irin wanda sojoji ke amfani da shi, wanda gangamin Stop the Bleed da aka fara a Amurka a 2015 ya yaɗa cikin farar hula. Ana ɗaura shi ne kimanin santimita biyar zuwa bakwai sama da ciwon, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura, kada kuma a sassauta sai a hannun likita. Yana da zafi ƙwarai, mai raunin zai yi ihu ya ce a cire. Ba a cirewa. Amma a yi hattara da na jabu masu arha da ake sayarwa ta intanet, sandar murɗawarsu kan karye a lokacin da ake buƙatarta. Kuma ba kowane ciwo ne ke buƙatarsa ba. Mafi yawan zubar jini dannewa da ƙarfi da goz, ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, yana tsayar da shi.

Ƙuna kuwa maganinta na farko yana hannun kowace yarinya mai tallar fiya wata: ruwa mai sanyi, a yi ta zubawa har kimanin minti ashirin, sannan a rufe da abu mai tsabta. Ban da ƙanƙara kai tsaye. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da man kaɗe, ban da gishiri. Ban da man birki da fetur, waɗanda wasu makanikai har gobe suke rantsuwa da su a kan sabon yanka. Na san za a ce kakanninmu da man kaɗe suka warke. Allah Ya jiƙansu, amma ƙunar murhu daban, ƙunar fetur daban.

Duk wannan kaya ne, kuma kaya ba sa ɗaure kansu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne amsar wannan matsala a ƙasar nan aka gano ta, shekaru fiye da ashirin da suka wuce. Tsakanin 1998 da 2000 likitocin nan na Kumasi suka horar da direbobin haya 335, kwas na awa shida kacal, da nuni da gwaji maimakon dogon karatu, tunda da yawansu ba su yi boko mai zurfi ba. Da aka bibiye su daga baya, kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya suka ce sun yi amfani da abin da suka koya. Masu tsayar da jini sun tashi daga kashi 4 zuwa 42, masu buɗe wa mai rauni hanyar numfashi daga kashi 2 zuwa 35, masu ɗaure karaya daga kashi 1 zuwa 16. Awa shida. Wannan aiki ya shahara a tsakanin masana lafiya na duniya, ana kafa hujja da shi a wasu ƙasashe. A tashoshin motarmu kuwa ka tambayi direba goma ko an taɓa koya musu yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa, ka ji amsa.

Ku duba yadda muke yi idan babur ya faɗi a shataletalen Nima. Cikin daƙiƙa kaɗan mutum talatin sun taru, kuma wallahi da kyakkyawar niyya. Wani ya cire masa hular kwano da ƙarfi, wani ya watsa masa ruwa a fuska, wani ya ɗura masa a baki, huɗu su ɗauke shi, wannan hannu wannan ƙafa, kai na lilo, a cusa shi a bayan tasi. Idan ƙashin wuyansa ya tsage, mu ne muka ƙarasa shi. Sauran kuma sun ɗaga waya suna ɗauka. Zumuncin Zongo abin alfahari ne, babu inda ake saurin kai ɗauki kamar nan. Abin da ya rage shi ne mutum biyu ko uku a kowace majalisa su san abin da za su ce: kai tsayar da motoci, kai kira 112, kai riƙe kansa kada ya motsa, ke danna nan kada ki ɗaga. Idan karaya ce a ɗaure ta yadda aka same ta, a bar maganar mai ɗori sai an ɗauki hoton ƙashi an tabbatar babu jijiyar da ta tsinke.

Akwai masu cewa, kuma suna da hujja, wannan duk ɗora wa talaka nauyin gwamnati ne. A gyara hanya, a sa fitilu, a kama masu gudu, a ƙara gadaje a asibiti. Mutanen Adenta sai da suka ƙone tayoyi a Nuwamban 2018, bayan mota ta kashe wata ɗaliba, kafin a kammala gadojin tsallaka titinsu. Na yarda da wannan duka. Na kuma yarda cewa akwatin agaji ba lasisin gudu ba ne. Wanda ke taka Mustang a tsakanin masallacin Kanda da kasuwar Nima yana da laifi ko da asibiti guda ya ɗauko a but. Amma mai motar da ya iya biyan kuɗin fito a Tema ba talaka ba ne, kuma jakar da nake magana ba ta kai kuɗin cika tankinsa sau ɗaya ba. Shi ne ma ya fi cancanta ya ɗauka, tunda motarsa ce ta fi iya jawo buƙatarta.

Inda gwamnati ke da aiki na gaske shi ne wurare biyu. Na ɗaya, horo kafin lasisi. A Jamus ba a ba ka lasisin tuƙi sai ka yi kwas ɗin agajin gaggawa, kuma wuce mai rauni ba tare da taimako ba laifi ne a dokarsu. DVLA na iya sanya irin wannan sharaɗi, musamman ga masu okada, sana'ar da dokokin hanya na 2012, L.I. 2180, suka haramta a wancan lokaci, wadda kuma maganar halatta ta ta zama alkawarin siyasa a yaƙin neman zaɓen John Mahama na 2020. Idan za a yi wa dubban samarinmu rajista su ɗauki fasinja a babur, awa shida ta koyon tsayar da jini ba ta yi yawa a cikin sharuɗɗan ba. Na biyu, kare mai taimako. Mutane da yawa na gudun ɗaukar mai rauni don tsoron a riƙe su a ofishin 'yan sanda ana tambaya, ko a ce su ajiye kuɗi a asibiti. Indiya ta fuskanci irin wannan. Kotun Ƙolinta ta amince da ƙa'idojin kare mai taimako a 2016, aka shigar da su cikin dokar motoci a 2019. Babu abin da zai hana majalisarmu yin haka.

Kafin nan kuwa, ƙungiyar Red Cross ta Ghana da St John Ambulance duk suna koyar da agajin gaggawa, kuma suna zuwa inda aka gayyace su. Asusun Raya Zongo da aka kafa da doka a 2017 ya gina filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Kwas na yini ɗaya ga direbobi da masu okada na Ayawaso ba zai kai kuɗin raga ɗaya ta irin wannan fili ba. Masallatanmu na da farfajiya, ƙungiyoyin samari na da kuɗin da suke tarawa don rigunan Salla iri ɗaya, sarakunan Zongo kuma idan suka ce kada mota ta shiga jerin gwano sai an ga jakarta da tukunyar kashe gobararta a ɗaure, za a ji.

Shi dai matashin nan na wurin wanki ya zubar da abin da ke cikin akwatinsa a kwandon shara a gabana. Ya ce zai biya ta Okaishie ya sayi goz da safar hannu. Da na sake ganin motar bayan sati biyu, jakar na ɗaure a bayan kujerar fasinja, ja, ana hango ta daga waje. Na tambaye shi ko ya san yadda ake amfani da abin da ke ciki. Ya sosa ƙeya, ya ce wannan kam saura.